Daga Marakesh zuwa Mahamid a kan keke: nazarin hanyar da ta haɗa dutse da sahara

Hanyar da ta tashi daga Marakesh a ƙasar Maroko, ta haye duwatsun Atlas, ta gangara Warzazat, sannan ta bi kwarin kogin Dara'a har Mahamid inda kwalta ta ƙare, tsawonta kimanin kilomita 470 ne idan aka ratsa ta Telwat. Wanda ya saba cin kilomita ɗari a yini a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa zai ce tafiyar kwana biyar ce. A nan lissafi ke fara ɓaci, domin a wannan hanya ba kilomita ke yanke tsawon yini ba. A rabin farko tsayin da za a hau ne ke yankewa, a rabi na biyu kuwa tazarar da ke tsakanin ruwa da ruwa, da sa'ar da iska ke tashi. Kwana bakwai ne daidai, takwas idan ana son a huta.

Duk lissafin da ke ƙasa an gina shi ne a kan matafiyi mai nauyin kilo 75, da keke mai kilo 15, da kaya kilo 20 har da ruwa, jimla kilo 110. Lokacin tafiya ƙarshen Maris zuwa Afrilu, ko kuma Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Daga Disamba zuwa Fabrairu dusar ƙanƙara kan rufe mashigar dutsen, har akwai shingayen ƙarfe da jami'ai ke saukewa su tsayar da motoci. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa zafin Zagora, garin da ke cikin kwarin Dara'a, kan haura digiri 40 kusan kullum, ba lokacin keke ba ne ko kaɗan.

Akwai wani abu game da agogo da ke rikita baƙi. Agogon Maroko ɗaya ne da na Nijeriya da Nijar, sai a watan azumi da ake mayar da shi baya da awa guda. Amma ƙasar tana can yamma, shi ya sa a ƙarshen Maris rana ba ta fitowa sai wajen bakwai da rabi, ba ta kaiwa tsaka sai wajen ɗaya da rabi, zafi kuma ya fi tsanani tsakanin uku da biyar. Wanda ya tsara hutunsa daga sha biyu zuwa biyu zai koma kan sirdi daidai lokacin da rana ta fi cizo.

Hawan Tishka

Marakesh na kan tsayin mita 460 daga bakin teku ko kusa da haka, kusan daidai da Kano. Mashigar Tizi n'Tishka, kilomita ɗari da 'yan kai daga birnin a kan babbar hanya mai lamba N9, allonta ya nuna mita 2,260, wato ta fi ƙololuwar Bagzan, dutse mafi tsayi a Nijar, wanda ya tsaya a mita 2,022. Bambancin mita 1,800 ke nan, amma abin da ƙafa za ta hau ya haura 2,000, saboda bayan an haye ƙaramar mashigar Ait Imgar mai mita 1,470 hanya na sake gangarawa cikin kwari, sai an sake biyan abin da aka sauka.

Mutum mai matsakaicin ƙarfi ɗauke da kilo 110 yana hawan mita 350 zuwa 400 a awa, idan zai daɗe yana yi. A raba 2,000 da wannan, an sami awa biyar zuwa shida na hawa zalla, ban da kilomita 35 na fili zuwa Ait Urir, ban da cin abinci da salla. Saboda haka a raba shi kwana biyu: ranar farko a kwana a wajen Tuflit, kimanin kilomita 65, rana ta biyu a bi ta Taddart, a haye mashigar kafin azahar ta yi nisa.

Abin da ke raba mai hawa da mai tura keke a nan shi ne giya, ba ƙwanji ba. A ɗauki faranti na gaba mai haƙora 22 da na baya mai 34, da taya mai zagayen mita 2.1. Kowane juyin feda zai kai keke gaba mita 1.36. A juyi 70 a minti, gudun ya kama kilomita 5.7 a awa, kuma wannan shi ne gudun da mutum zai iya riƙewa a hawa mai kashi 7 cikin ɗari ba tare da numfashinsa ya sarƙe ba. Yanzu a ɗauki keken tsere da aka ɗora wa kariyar ɗaukar kaya, mai 34 a gaba da 32 a baya. Juyi ɗaya ya haura mita 2.2, don haka a wancan gudun ƙafa za ta riƙa juyi 42 kawai a minti. Aikin ɗaya ne, amma duk nauyin ya koma kan gwiwa. Ranar farko ba a jin komai. Rana ta biyu, a lanƙwasoshin da ke sama da Taddart, ciwo kan fito a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, kuma irin wannan ciwo ba ya barin mutum har Zagora. Maganinsa a shagon mai gyara yake tun kafin a bar gida: a canza faranti har juyi ɗaya ya sauko ƙasa da mita ɗaya da rabi. A kuma duba tsayin sirdi. Idan diddige na kan feda a ƙasa, ƙafa ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkace ba, to ya yi daidai.

Iska a saman Tishka ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan ta bakin teku. Mutum zai ji haki, ƙarfinsa ya ɗan ragu, amma ciwon tsauni na gaske galibi sai sama da mita 2,500 yake farawa, don haka ba shi ne abin tsoro ba. Sanyi ne abin tsoro. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi na sauka da kimanin digiri shida da rabi. Idan Marakesh na 24, mashigar na wajen 12, ga iska, ga riga jiƙe sharkaf da gumi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya ɗaukar hoto a gindin allo, a sha shayi, sannan a fara gangara da wannan jiƙaƙƙiyar riga. Cikin minti goma yatsu sun sandare, kuma yatsun nan su ne ke riƙe birki. Da an iso sama, kafin komai, a cire jiƙaƙƙiyar riga a sa busasshiya, a ɗora rigar tare iska, a sa safar hannu mai rufe yatsu duka. Waɗannan ukun a saman jaka ake ajiye su.

Manyan motoci na bin N9 dare da rana, domin ita ce jijiyar da ta haɗa Marakesh da kudu maso gabas. An shafe shekaru ana faɗaɗa ta, ana yanke wasu lanƙwasoshi, sai motoci suka ƙara gudu. Fitila ja mai ƙyaftawa a baya ko da rana, da ƙaramin madubi a hannun hagu, sun fi kowace addu'ar direba ya gan ka, ko da yake ita ma a yi ta.

Gangara, da ratsen Telwat

Kilo 110 da ke saukowa mita 1,000 na sakin ƙarfin da ya ɗan haura wanda zai tafasa ruwa lita uku. Iska na cinye wani kaso, sauran duk a birki yake tarewa. Idan birkin mai matse rim ne, rim na iya zafi har tif ya fashe ko faci ya saki. Idan na faifai ne mai aiki da mai, man kan tafasa, hannun birki ya tafi har ya taɓa kan keke ba tare da ya kama ba. Duka biyun abu ɗaya ke jawo su: riƙe birki a hankali ba saki, daga sama har ƙasa, wanda kuwa shi ne abin da tsoro ke sa mutum ya yi. Yadda ake yi shi ne a bar keke ya tafi a miƙaƙƙen wuri, a matse sosai da birki biyu kafin a shiga kwana, a saki a cikin kwanar. A miƙe zaune don ƙirji ya tare iska. Duk mita 300 na sauka a tsaya minti biyar, a kusantar da bayan hannu ga rim ko faifai ba tare da an taɓa ba. Faifan gaba ya zama mai faɗin milimita 180, takalman birki masu haɗin ƙarfe, a kuma riƙe saiti biyu na canji. Ga mai tafiya shi kaɗai, birkin faifai mai kebur ya fi mai mai, don ko a ƙauye za a iya samun kebur.

'Yan kilomitoci bayan mashigar akwai ratse ta hannun hagu zuwa Telwat, kimanin kilomita 20. Nan ce tsohuwar hanyar ayari, kuma nan ne gidan sarautar Galawi, dangin Tuhami al-Galawi da ya riƙe Marakesh daga 1912 zuwa 1956, waɗanda suka yi arziki da gishiri da kuɗin fito da ayari ke biya. Da sojojin Faransa suka gina hanyar Tishka a 1936 sai suka kauce wa garin. Abin da ya kashe wa Telwat kasuwa shi ya yi wa mai keke rana: kwarin Unila, daga Telwat ta Anmitar zuwa Ait Bin Haddu, kimanin kilomita 50 ne na kwalta da ba kasafai babbar mota ke bi ba. A ganinmu duk wanda ya miƙe kan N9 don ya rage awa biyu ya yi asarar mafi kyawun yini na tafiyar. Sai dai kada taswira ta ruɗi mutum. Ta nuna an sauka daga wajen mita 1,800 zuwa 1,300, amma hanyar na hawa gefen kwari tana saukowa, da gajerun hawa masu tsauri fiye da duk abin da aka gani a Tishka. Bayan ruwan sama kuma duwatsu da laka kan zubo kan kwalta a bayan kwana, inda ba a hangowa.

Ait Bin Haddu, garin ginin ƙasa da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, kilomita 30 ne daga Warzazat. A yi wannan da safe, a ba keke sauran yinin.

Abin da za a yi a Warzazat

A kan allunan hanya an rubuta sunan garin Ouarzazate, da rubutun Faransanci. Yana kan mita 1,150, kuma shi ne wuri na ƙarshe da ake sa ran samun shagon keke mai kayan zamani. Bayan gangarar dutse abubuwa huɗu ke buƙatar ido. Takalman birki: idan abin da ya rage bai kai milimita ɗaya ba a canza. Notocin kariya: girgiza na kwance su a hankali, idan ɗaya ya faɗi sai ɗayan ya karye, don haka a ɗaure su, a ɗiga musu gam ɗin zare, a riƙe guda huɗu na ajiya. Sifok na tayar baya, musamman ɓangaren sarƙa, nan ne nauyi ya fi taruwa. A matsa su bibbiyu da yatsa, wanda ya yi laushi a ɗaure shi kwata-kwatan juyi. Wili mai sifok 36 ya fi jure wannan kaya, kuma sifok na ajiya ba shi da amfani idan babu abin kwance farantan baya, tunda sai an cire su sabo ke shiga.

Na huɗu sarƙa ce. Man da ya dace da dutse mai danshi shi ne guba a kudu. Mai mai kauri, balle baƙin man inji da wasu ke shafawa, yana kama ƙura ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin sarƙa da haƙoran faranti tare. A goge ta tas da tsumma, a sa busasshen mai irin mai kakin zuma, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a bar shi ya bushe kafin a hau, a goge na waje. Daga nan kowace yamma a maimaita.

Yinin Agdaz

Daga Warzazat zuwa Agdaz kimanin kilomita 70 ne, kuma shi ne yinin da aka fi rainawa. Ba a shiga kwarin dabino ba tukuna. Hanya na ratsa tsandauri mai baƙin dutse, ba bishiya ba inuwa, tana hawa tana sauka, har ta haye mashigar Tizi n'Tinififit mai mita 1,660 kafin ta faɗa Agdaz a ƙasa da mita 1,000. Ƙauyen kirki ɗaya ne a tsakani, Ait Sawun, bayan an wuce rabin tafiya, kuma ba a gina lissafin ruwa a kan cewa kantinsa zai kasance a buɗe, balle ranar Juma'a ko cikin azumi.

Lissafin ga shi. Awa shida a kan sirdi, ana shan kashi uku cikin huɗu na lita a kowace awa, lita huɗu da rabi ke nan. A ƙara ɗaya da rabi na ko-ta-kwana, saboda faci ko iskar gaba na iya ƙara awa biyu. Lita shida, kilo shida. Idan zafi ya haura digiri 35 a mayar da shi lita guda a awa. Ruwan kanti a gora mai lita ɗaya da rabi ake sayar da shi, don haka mariƙin gora mai faɗi ya fi amfani. A raba ruwan a mazubi uku ko fiye, kada huda ɗaya ta zubar da duka, a kuma sa mai nauyi a ƙasan jaka, dama da hagu daidai, in ba haka ba kan keke zai riƙa rawa a gangarar Tinififit.

Ruwa kaɗai ba ya isa. Gumi na fita da gishiri, kuma mai ɗirkar ruwa zalla yini guda kan tashi da ciwon kai, tashin zuciya da ɗaurewar jijiya, sai ya zaci ƙishirwa ce ya ƙara sha, abin ya ƙara muni. Gora ɗaya cikin uku ta zama ruwan gishiri da sukari irin wanda ake yi wa yaro mai gudawa: lita guda, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsari shi ne ma'auni. Idan ya yi duhu ko an yi awa huɗu ba a yi ba, an yi baya. Idan kuwa abokin tafiya ya fara magana ba kan gado, ko tafiyarsa ta zama tangaɗi, wannan ya wuce batun ƙishirwa. A sauke shi a inuwa ko ta tanti ce, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a tsayar da mota. Lambar jandarma a wajen gari 177 ce.

Abinci ba matsala ba ne idan an saya da wuri. Yini irin wannan na cin kalori dubu huɗu zuwa biyar. Gurasar Maroko mai faɗi, sadin na gwangwani, zaitun, gyaɗa da dabino suna samuwa a kowane kanti, kuma gram ɗari na dabino na ba da kusan kalori 280. A ci kaɗan kowane minti arba'in, kada a jira yunwa.

Kwarin Dara'a har ƙarshen kwalta

Daga Agdaz, a gindin dutsen Kisan, dabino ya fara, kuma kilomita 95 zuwa Zagora gari ne bayan gari. Ta wannan kwari rundunar Judar Basha, kwamandan sarkin Maroko, ta bi bayan ta bar Marakesh a ƙarshen 1590, ta ƙetare sahara ta karya Songhai a Tondibi a 1591, kuma a Zagora har yau akwai allon da ke cewa Tumbutu kwana 52 ne a kan raƙumi. Ga mai keke abin lura shi ne ruwan kwarin. Tun da aka gama madatsar Mansur az-Zahabi kusa da Warzazat a farkon shekarun 1970, kogin ba ya gudu sai an sako shi, kuma ruwan rijiya na ƙara gishiri yadda ake ƙara yin kudu. Ƙwayar kilorin na kashe ƙwayoyin cuta cikin minti talatin, matatar ruwa kuma na tace su, amma babu wadda ke cire gishiri a cikinsu. Daga Zagora zuwa ƙasa a sha na gora, a bar na rijiya ga alwala da wanka.

Hudar taya a nan ta fi yawa, kuma kusan duk a wurin hutu ake samunta, ba a kan kwalta ba. Ƙayar da ke gindin ganyen dabino da farar ƙaya na zube daidai inda inuwa take. A sauka a bakin hanya a ɗaga keke, ko a bar shi can. Taya mai faɗin milimita 45 zuwa 50, da iska wajen bar uku zuwa uku da rabi a ma'aunin famfo, ta isa. Tif biyu na ajiya, faci goma, sholisho sabo da ba a taɓa buɗewa ba, domin buɗaɗɗe kan bushe cikin jaka a wannan zafi. Kafin a mayar da tif a shafa cikin taya da tsumma a nemo ƙayar, in ba haka ba huda ta biyu na nan bayan kilomita ɗaya. Bawul irin na mota ya fi siririn, tunda kowane mai faci yana da bakin famfonsa.

Iska galibi da rana take tashi, ta yi ƙarfi wajen la'asar, a bazara kuma takan zo da yashi. Iskar gaba mai kilomita 25 a awa na iya mayar da mai gudun 18 zuwa 10. Dabarar ita ce a yi asuba, a karya, a hau da hasken farko, a ci kashi biyu cikin uku na tafiyar kafin sha biyu. Idan guguwar yashi ta rufe hanya a sauka nesa da kwalta, don direba ba ya ganin komai, a juya baya, a rufe hanci da rawani. Maroko ƙasar Malikiyya ce, masallaci na kowane ƙauye, kuma matafiyi yana da sauƙin ƙasaru, abin da ke taimakawa wajen tsara zango.

Wurin kwana: masaukai masu araha na kowane zango, ana cike takarda da lambar fasfo. Mai tanti kada ya kafa shi a cikin kori, komai laushin yashinsa. Ruwan da ya sauka a dutse mai nisan kilomita hamsin na iya isowa da dare alhali sama tana tas a inda mutum yake. Ambaliyar Satumban 2024 a kudu maso gabashin ƙasar ta yanke hanyoyi ta kuma ci rayuka.

Zangon ƙarshe, Zagora zuwa Mahamid, ya kusa kilomita ɗari. Kilomita 18 na farko na kaiwa Tamgurut, garin zawiyar Nasiriyya mai tsohon ɗakin littattafai da koren tukwane, nan ake cika gora. Bayan nan garuruwa sun yi nisa da juna, ga ƙananan mashigai biyu a duwatsun Bani, ta biyun ita ce Bani Salman bayan Tagunit. Ba su da tsayi, amma suna zuwa ne lokacin da rana ta take. Idan iska ta tashi da wuri, a kwana a Tagunit a ƙarasa kilomita talatin ɗin da safe. Iyakar Aljeriya ba nisa, a rufe take tun 1994, don haka a ajiye fasfo kusa saboda shingen jandarma, kada kuma a bi wata ɓarauniyar hanya ta gabas ko kudu.

A Mahamid kwalta ta tsaya. Tuddan yashin Shigaga na can yamma, tafiyar sama da kilomita hamsin cikin rairayi da tsakuwa, babu kanti. Keke mai taya milimita 50 ɗauke da kaya nutsewa yake a irin wannan yashi ko an rage iska zuwa bar biyu, turawa kuma ba ta wuce kilomita biyu zuwa uku a awa, tana shan ruwa fiye da tuƙi. Mai son ganin tuddan ya bar keke a masauki ya bi mota ko raƙumi da ɗan jagora. Komawa Marakesh da bas ake yi, yini guda cur. Ana biyan kuɗin kaya daban, a cire feda, a juya kan keke ya daidaita da jiki, a naɗe abin canza giya na baya da kwali, a kuma tsaya a wurin har a ga ba a ɗora masa buhu a kan sifok ba.